Fafunwa da Gwajin Ife: Abin da Binciken Ya Nuna da Abin da Ake Jingina Masa

A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi na Nijeriya, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da cewa gwamnatin tarayya ta soke tsarin koyar da yaran firamare da harshen uwa, kuma Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga ajin farko. Shekara uku kacal kafin nan, a ƙarshen 2022, gwamnatin da ta gabata ta amince da akasin haka lokacin da Malam Adamu Adamu yake minista, wato a koyar da yaro da harshensa har shekara shida. A muhawarar da ta biyo bayan sanarwar, sunan mutum ɗaya ya yi ta fitowa a bakin kowane ɓangare: marigayi Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa, wanda aka fi sani da Babs Fafunwa. Masu goyon bayan harshen uwa sun ce ai tuni ya tabbatar da komai a gwajin da ya yi a Ife. Masu adawa kuma sun ce an bi ra'ayinsa shekara da shekaru, ga inda ya kai mu. Duk maganganun biyu sun yi wa binciken nasa rashin adalci, domin kowannensu ya ɗauki rabi ya bar rabi.

Ma'anar wasu kalmomi

Harshen koyarwa shi ne harshen da malami yake amfani da shi wajen bayanin lissafi, kimiyya da sauran darussa, kuma da shi aka rubuta littattafan da yaro yake karantawa. Ya bambanta da darasin harshe, inda harshen kansa ne abin da ake koyo a wani lokaci da aka ware masa cikin jadawali. Makaranta tana iya koyar da Hausa a matsayin darasi ba tare da Hausa ta zama harshen koyarwarta ba, haka nan tana iya koyar da Turanci sosai a matsayin darasi alhali da Hausa take koyar da lissafi. Yawancin ruɗanin da ake ciki daga cakuɗa waɗannan biyun ya taso.

Harshen uwa shi ne wanda yaro ya tashi da shi a gida. Harshen muhalli kuwa shi ne wanda jama'ar gari suke hulɗa da shi a kasuwa da kan titi. A Kano ko Katsina kusan abu ɗaya ne ga yawancin yara, amma a Jos ko Yola sau da yawa sun bambanta. Manhaja, kalmar da muka aro daga Larabci, tana nufin tsarin abin da za a koyar da yadda aka jera shi daga aji zuwa aji.

A binciken gwaji ana raba ɗalibai gida biyu. Rukunin gwaji shi ne wanda ake yi wa sabon abu, rukunin kwatance kuma ana barinsa a kan tsohuwar hanya domin a sami ma'aunin auna bambanci. Ƙarfin irin wannan bincike ya dogara ne a kan cewa abu ɗaya kaɗai ya raba rukunan biyu. Wannan sharaɗi zai dawo mana nan gaba.

Mutumin da rubuce-rubucensa

An haifi Fafunwa a Isale Eko cikin birnin Legas a 1923, ya yi sakandare a makarantar CMS ta Legas, sannan ya tafi Amurka inda ya yi digirin farko a kwalejin Bethune-Cookman, ya kuma sami digirin digirgir a fannin ilimi daga Jami'ar New York a 1958. Ya fara koyarwa a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka a 1961, a can ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya kai matsayin farfesa a fannin ilimi. Rikicin da ya kai ga yaƙin basasa ya sa ya koma Jami'ar Ife, wadda yanzu ake kira Jami'ar Obafemi Awolowo. Ya riƙe muƙamin Ministan Ilimi daga 1990 zuwa 1992 a zamanin Janar Babangida, ya rasu a Abuja a watan Oktoba na 2010.

Littattafansa uku ne suka fi tasiri. Na farko, New Perspectives in African Education na 1967, kira ne da a daina kwafo manhajar Ingila yadda take, a gina ilimi bisa bukatun ƙasashen da suka sami 'yanci. Na biyu, History of Education in Nigeria na 1974, shi ne wanda kusan duk wanda ya ratsa kwalejin horar da malamai ko tsangayar ilimi a Nijeriya ya ci karo da shi, ko da kuwa ta hanyar takardun da malaminsa ya tsakuro daga ciki. Muhimmancinsa yana cikin inda ya fara labarin. An saba fara tarihin ilimin ƙasar daga zuwan 'yan mishan Badagry a 1842. Fafunwa ya ja farkon baya, ya ware babi ga tarbiyyar gargajiya, ya zayyana manufofinta guda bakwai, daga gina jiki da ɗabi'a da girmama manya har zuwa koyon sana'a da riƙe al'ada, sannan ya ware wani babin ga ilimin Musulunci da makarantun allo da na ilimi. Ga mai karatu a Arewa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Littafin da ake horar da malaman boko da shi a faɗin ƙasar ya amince cewa Borno da ƙasar Hausa sun daɗe da karatu da rubutu ƙarnuka kafin Turawa su iso.

Littafin yana da rauninsa. Ya tsaya a farkon shekarun 1970, kuma ya fi ƙarfi wajen bayanin dokoki da kwamitoci fiye da abin da yake faruwa tsakanin malami da ɗalibi. Laifin da ya fi girma ma na masu amfani da shi ne, waɗanda suka mayar da manufofin nan bakwai abin hadda don cin jarrabawa. Ɗaliban ilimi da yawa suna iya lissafo su a jere ba tare da sun taɓa buɗe littafin ba.

Na ukun shi ne Education in Mother Tongue na 1989, wanda ya shirya tare da abokan aikinsa Macauley da Sokoya, rahoton gwajin da ya sa sunansa ya fita wajen Nijeriya.

Yadda aka gudanar da gwajin Ife

Tun 1953 hukumar UNESCO ta fitar da rahoto cewa harshen uwa ne ya fi dacewa a fara koyar da yaro da shi. Amma a mafi yawan makarantun Yammacin Nijeriya tsarin shi ne a yi shekara uku da Yarabanci, a juya zuwa Turanci daga aji huɗu. Abin da Fafunwa ya lura da shi shi ne yara suna kammala firamare ba su ƙware a ko ɗaya ba. Ba su iya karanta Yarabanci da kyau ba, Turancin kuma hadda ce kawai. Ya yi zargin cewa sauyin ya zo da wuri, a daidai lokacin da darussa suka fara nauyi.

A 1970 Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ife ta fara gwajin a makarantar firamare ta St. Stephen da ke Modakeke, da tallafin gidauniyar Ford. Rukunin gwaji ya koyi lissafi, kimiyya da ilimin zamantakewa da Yarabanci tun daga aji ɗaya har aji shida, Turanci kuma ya zama darasi guda wanda malami ƙwararre a koyar da shi yake ɗauka. Rukunin kwatance ya bi tsarin shekara uku-uku da aka saba. An rubuta sabuwar manhaja, an wallafa littattafan ɗalibai da jagoran malamai, an zauna da masana harshe da malaman firamare da dattawan gari aka samar da kalmomin kimiyya da lissafi, wasu aka ƙirƙira, wasu aka aro aka daidaita su da lafazin Yarabanci. A 1973 aka faɗaɗa aikin zuwa ƙarin makarantu goma na birni da na karkara, kuma a waɗannan malamin aji ne yake koyar da Turancin da kansa. Gwajin ya kai 1978.

Sakamakon da aka bayar shi ne cewa yaran da suka yi shekara shida da Yarabanci sun yi daidai da takwarorinsu ko sun fi su a darussan da aka auna, kuma abin da iyaye suka fi tsoro bai faru ba, wato Turancinsu bai koma baya ba. Da aka bi sawunsu zuwa sakandare, inda komai da Turanci ake yi, ba a ga sun kasa ba.

A lura da kyau: Turanci yana cikin tsarin tun daga aji ɗaya. Fafunwa bai taɓa neman a kore shi daga makaranta ba. Hujjarsa ita ce yaron da ya fahimci rarraba lamba da harshensa, aka kuma koya masa Turanci da kyau a gefe, zai haɗa biyun cikin sauƙi fiye da wanda aka tilasta wa koyon rarrabawar da harshen a lokaci guda. Daga baya masanin nan na Kanada, Jim Cummins, ya ba wannan fahimta ginshiƙi a rubutunsa na 1979, inda ya nuna cewa ƙwarewar karatu da tunani da aka gina a harshe na farko tana tsallakawa zuwa na biyu.

Sukar da masana suka yi

Ba a karɓi sakamakon Ife da ido rufe ba, kuma sukar da aka yi masa tana da nauyi. Babbar cikinsu ita ce ta sharaɗin nan na abu ɗaya. Yaran rukunin gwaji na farko sun sami harshen uwa, amma kuma sun sami ƙwararren malamin Turanci da kulawar masana daga jami'a. Idan sun yi fice, wanne ne ya jawo? Masu gwajin sun hango wannan tambaya, shi ya sa suka ba rukunin kwatance sabuwar manhajar, suka kuma buɗe makarantun 1973 ba tare da ƙwararren malamin ba. Wannan ya rage ƙarfin sukar amma bai kashe ta ba, domin makarantar da baƙi daga jami'a suke ziyarta a kai a kai, malamanta suna zuwa bita, ba za ta yi kama da makarantar ƙauyen da jami'in duba makarantu ba ya leƙawa ba. Masana irin su Niyi Akinnaso sun tattauna wannan gibi tsakanin gwaji da manufar ƙasa a farkon shekarun 1990.

Suka ta biyu ta shafi wuri. Ife gari ne da kusan kowane yaro Yarabanci yake ji, harshen kuma yana da daidaitaccen rubutu da adabi tun ƙarni na 19. Nijeriya tana da harsuna sama da 500, da yawansu ba su da ko littafin aji ɗaya. Ajin da ya tara yaran ƙabilu biyar a Abuja ko Fatakwal ba shi da amsa a cikin rahoton Ife.

Ta uku kuɗi ne. An yi gwajin da tallafin waje, kuma ba a nuna yadda jiha za ta ɗauki nauyinsa a dubban makarantu ba. Jihar Oyo ta gwada faɗaɗa shi a tsakiyar shekarun 1980, abin bai ɗore ba.

Duk da haka, binciken da aka yi a wasu wurare bayan nan ya fi karkata ga Fafunwa. Habasha ta ɗauki tsarin koyarwa da harsunan gida a firamare tun 1994, kuma nazarin da aka yi a can ya nuna yankunan da suka daɗe da harshen uwa sun fi samun sakamako mai kyau a darussa. Bankin Duniya, wanda ba a san shi da son kashe kuɗi a banza ba, ya fitar da rahoto a 2021 yana cewa kusan kashi 37 cikin ɗari na yaran ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ana koyar da su da harshen da ba su ji, ya kuma ba da shawarar a koyar da yaro da harshensa na farko na aƙalla shekara shida. Adadin shekarun da Ife ta gwada ke nan rabin ƙarni kafin rahoton.

Tasiri a takarda da tasiri a aji

A jami'a ana auna tasirin masani da yawan ambatonsa, wato sau nawa wasu marubuta suka kafa hujja da aikinsa. Ta wannan ma'auni Fafunwa yana sahun gaba, don da wuya a buɗe kundin digiri a kan tarihin ilimin Nijeriya ko harshen koyarwa a Afirka ba a ga sunansa ba. Amma ambato ba ya nuna an karanta, balle an yi aiki da abin da aka karanta.

A matakin manufa tasirin ya fi rikitarwa. Mutane da yawa suna cewa shi ya kawo tsarin 6-3-3-4 lokacin da yake minista. Tsarin ya girme wa ministancinsa. Ya samo asali daga taron manhaja na ƙasa na 1969, wanda Fafunwa yana cikin masu ruwa da tsakinsa, ya shiga Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, aka fara aiwatar da shi a 1982. Manufar ta 1977 ta amince a fara firamare da harshen uwa ko na muhalli, bugun 2004 kuma ya fayyace cewa shekara uku ne, daga aji huɗu a koma Turanci. To wannan shi ne ainihin tsarin rukunin kwatance, wanda gwajin Ife ya fito don ya nuna gazawarsa. Kenan abin da aka rubuta a manufar ƙasa tsawon shekara 45 ba shawarar Fafunwa ba ce. Shawararsa ta shekara shida sai a 2022 ta shiga takardar gwamnati, kuma aka soke ta kafin ɗalibi ko ɗaya ya yi shekara shidan a ƙarƙashinta.

Ko shekara ukun ma ba a yi su yadda aka rubuta ba. Makarantu masu zaman kansu sun yi watsi da su, iyaye kuma suna auna ingancin makaranta da Turancin da ɗan ajin nasare yake rerawa. A makarantun gwamnati na Arewa abin da aka fi gani shi ne malami ya rubuta a allo da Turanci daga littafin Turanci, ya yi bayani da Hausa, yaro ya kwafi abin da ba ya iya karantawa, a kuma yi masa jarrabawa da Turanci. Wannan ba koyarwa da harshen uwa ba ce a ma'anar Ife, domin babu littafi, babu horon malami, babu karatu da rubutu cikin harshen. Hujjar da aka bayar wajen sokewa ita ce yawan faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a shiyyoyin da aka ce sun rungumi harshen uwa. Waɗanda suke zana waɗannan jarrabawa a yanzu sun bar firamare tun kafin 2022, kuma shiyyoyin da ake nufi su ne suka fi fama da talauci, cunkoson aji, rashin tsaro da ƙarancin ƙwararrun malamai. A Kaduna a 2017, malaman firamare sama da 21,000 daga cikin kimanin 33,000 suka faɗi jarrabawar da aka tsara a matakin aji huɗu. Kafin a ɗora wa harshe laifi sai an ware waɗannan dalilai, kuma wannan shi ne sharaɗin da masu sukar Ife suka nema daga Fafunwa. Ya kamata a nema daga kowa.

Inda Hausa ta tsaya

Koyarwa da Hausa a makarantar boko ba baƙon abu ba ne. Makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta fara, kuma Hukumar Fassara da Hukumar Talifi ta Zariya sun samar da littattafan karatu tun shekarun 1930. A Jamhuriyar Nijar an buɗe makarantun gwaji masu harshe biyu daga 1973, aka fara da Hausa a Damagaram. A shekarun baya-bayan nan shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da shirin RANA a Katsina da Zamfara sun koyar da karatun Hausa a ƙananan azuzuwa da littattafai da horon malamai. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero da sassan Hausa na jami'o'i sun daɗe suna aikin kalmomin fannoni. Cikin harsunan ƙasar, Hausa tana cikin 'yan kaɗan da suke da sharuɗɗan da Yarabanci yake da su a Ife: daidaitaccen rubutu, adabi, da miliyoyin yara a garuruwan da harshe ɗaya ya mamaye.

Sai dai akwai abin da bai kamata Bahaushe ya kau da kai daga gare shi ba. A kudancin Kaduna, Filato, Gombe ta kudu, Adamawa da Taraba, har da Borno, kalmar harshen muhalli sau da yawa Hausa take nufi, kuma iyayen da harshensu yake ja da baya a gaban Hausa suna da dalilin fargaba. Wasunsu sun fi son Turanci domin ba na kowa ba ne a cikinmu. Hujjar Fafunwa tana kare ɗan Tangale da ɗan Bura kamar yadda take kare ɗan Bahaushe, kuma duk tsarin da ya manta da haka zai gamu da turjiya wadda ba ta da alaƙa da ilimi.

Abin da ake iya tsammani

Makarantun kuɗi na birane ba za su ji wani sauyi ba, da ma da Turanci suke. A makarantun gwamnati na karkara malami zai ci gaba da bayani da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, domin ba shi da wata hanyar da yara za su gane shi, sai dai yanzu abin da yake yi ya saɓa wa umarni, kuma dalilin da zai sa gwamnati ta buga masa littafi ko ta horar da shi a kan hakan ya ragu. Masu wallafa littattafan firamare da harsunan gida su ma za su ja baya idan babu mai saye. Ilimin firamare yana hannun jihohi da ƙananan hukumomi a aikace, don haka akwai yiwuwar wasu jihohi su ci gaba da shirye-shiryen karatun Hausa da suka fara.

A ɓangaren bincike kuwa, shirye-shiryen Hausa da aka ambata sun tsaya ne a azuzuwan farko, ba su kai ga koyar da lissafi da kimiyya har aji shida ba. Tsangayoyin ilimi na Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri suna da masanan da za su iya maimaita gwajin Ife da Hausa, su gyara rauninsa ta hanyar zaɓen makarantu da ƙuri'a, a ba kowane rukuni littattafai da horo iri ɗaya, a bar harshen koyarwa ya zama shi kaɗai ne bambanci, a kuma sa makarantun da yaransu suke da harsuna daban-daban a ciki. Aikin zai ci shekara shida kafin rukunin farko ya kammala, da wasu shekarun na bin sawunsu a sakandare, kuma yana bukatar gwamnatin jiha da za ta bar shi ya kai ƙarshe ko da an sauya kwamishina.